Makaɗin Argungu a Majigin Amurka

Birnin Kebbi,
9 ga Afrilu, 1979.

Zuwa ga taubashiyata Malama Sadatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara, da Gwaggo Riskuwa da ciwon gwiwar nan nata. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya sa kowa kwana a tsakar gida.

Sadatu, nemi wuri ki zauna. Na ga Baba Maliki. Na gan shi da idona, yana motsi, yana kiɗa, lafiyarsa ƙalau.

Kin san labarin yadda na san shi. Wan babana ne, wan innarki, makaɗin masunta. Ya bi masunta zuwa kogin Kwara yau shekara hamsin da wani abu, suka dawo da hularsa suka ce ruwa ya ci shi. Kowa ya haƙura ban da Gwaggo, innar taki, wadda tun tana yarinya har yau ba ta yarda an yi mata gaisuwar mutuwarsa ba.

Ga yadda aka yi. Kin san aikinmu na motar majigi: kafin mu nuna wa manoma hoton taki, sai mun fara da ɗan fim na raye-raye don jama'a su taru. Atiku ke juya na'ura, ni kuma in rage muryar fim in yi ta zuba bayani da Hausa a lasifika. To, an aiko mana da tsofaffin faifai daga Sakkwato, na aro ne, ƙarshen Mayu za a mayar wa masu su. Muka rufe tagogin ofis muna gwadawa. A ciki akwai wani ɗan guntu na Amurka, daga Holiwud, garin da suke yin fina-finai, an ɗauke shi tun kafin yaƙin duniya na biyu. Kafin ki shanye kunu mai zafi ya ƙare.

Amma Allah mai iko! Duniya sukutum suka gina a cikin ɗaki, kamar ƙatuwar ƙwarya, tana juyawa, ta buɗe, kowace ƙasa ta fito ta taka rawarta. 'Yan mata sun fi ɗari suna saukowa daga bene mai sheƙi, duk su ɗaga ƙafa lokaci guda, babu mai riga wata. Ni da Atiku muka saki baki.

Sai da muka maimaita na gane wayon. Sinawan ba Sinawa ba ne, Turawa ne aka ja wa ido da kwalli. Balaraben ma Bature ne da tawul a ka, raƙuminsa kuwa mutum biyu ne a cikin bargo. Da aka zo kan Afirka sai ga wasu ƙarti sun shafa baƙin tukunya a fuska, sun manta da wuya, suna zare ido suna tsalle. Na fara dariya, sai dariyar ta maƙale mini. Duk duniyar nan da suka tara, mutum ɗaya ne na gaske, shi ma can baya suka ajiye shi a gindin bishiyar kwali, da wata doguwar ganga.

Hoton ya matso kusa da shi. Sadatu, tsagar Kabawa ce a fuskarsa, daga gefen baki har kunne! Kuma fuskar babana ce sak, Allah ya jiƙansa. Da hagu yake kiɗa. Wa kika taɓa ji an ce bahago a gidanmu in ba shi ba? Masu busan Turawa suka yi shiru suka bar masa fili, sai na ji taken masunta, namu na Argungu, wanda ake kaɗawa a cikin jirgi ranar su, wato bikin kamun kifi. Tsikar jikina ta tashi. Atiku ya ce na miƙe tsaye, ni ban ma sani ba.

An rubuta sunayen 'yan wasa a farkon fim, har da na karen da ya yi rawa da ƙafa biyu. Nasa babu. Kuma ba su ba shi riga ba. Fatar damisa suka ɗaura masa, da gashin tsuntsu a ka, da ƙasusuwa a wuya.

Ina so in kawo wa Gwaggo shi kafin a mayar. Ki lallaɓa ki ji ta bakinta.

Naki,
Kalilu.

*

Argungu,
14 ga Afrilu, 1979.

Zuwa ga Kalilu sarkin surutu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Iyakar gaisuwar da za ka samu ke nan, don ka ɓata mini rai.

Kai da gwamnati ke biya don ka iya magana, a takarda ba ka san abin da ake farawa da shi ba? Ina makaranta direba ya kawo wasiƙarka, ya miƙa wa Inna. Ta kai wa maƙwabcinmu Malam Ummaru ya karanta mata. Yana kaiwa kan "lafiyarsa ƙalau" ta fizge takardar ta yo gida tana guɗa. Matar da sai da sanda take zuwa bayan gida!

Na dawo na tarar an share ɗakin zaure, an daka fura, ta ɗaura zanen da take ajiya don Sallah, ta zauna a bakin ƙofa tana duban hanyar tasha. Ni aka bari da aikin gaya mata cewa hoto ne, kuma hoton ya girme ni. Ta ce, "Hoto shina kiɗa?" Na ce irin wannan yana yi. Ta ce, "To shi shina ina?" Na ce Allah kaɗai ya sani. Sai ta tashi ta kwance zanen ta ninke. Furar nan yara suka shanye. Kalilu, na fi son ta zage ni da shirun da take yi yanzu.

Maganar kawowa kuwa, ban yarda ba. Motarku ba ta shiga lungunmu, in ma ta shiga, injin wutarku yana tashi duk Argungu ta hallara. Ka ce fatar damisa da ƙasusuwa. Na san mutanen garinmu, kai ma ka san su. Za su kwashe da dariya tun kafin su ga tsaga, gobe yara su bi 'ya'yana da waƙa a hanyar makaranta. Shekara hamsin ana ce wa Inna mai taurin kai. Yanzu kuma in kai ta fili ta ga ana nuna ɗan'uwanta ba sutura, a bayan masu kwaikwayonmu da baƙin tukunya? Su ne suka rasa riga a Amurka duka? Mutumin da ko sunansa ba su ga ya isa a rubuta ba!

Amma ba zan ɓoye maka ba, na karanta wurin taken masunta har takardar ta yi laushi. Yaya aka yi kiɗan gulbinmu na Matan Fada ya ƙetare teku ya shiga gwangwanin fim ya dawo? Abin ya fi ƙarfin kaina.

Ka ba ni amsa maza.

Sadatu.

*

Argungu,
30 ga Afrilu, 1979.

Kalilu,

Salamu alaikum. Lafiya kuwa? Shiru kamar an aiki bawa garinsu, haka Inna ke cewa, ni dai cewa nake fushi ka yi. In don na kira ka sarkin surutu ne, ai sarautar gado ce, ba ni na naɗa ka ba.

Inna ta rame. Tuwo sai na tsaya a kanta. Jiya na same ta tana tambayar ɗan autana yadda majigi yake, don ita ba ta taɓa gani ba. Ya ce mata mutane ne a jikin farin ƙyalle. Ta ce, "In an gaishe su suna amsawa?" Na fita don kada ta ga idona.

In kun riga kun mayar da faifan ka gaya mini gaskiya, in san abin da zan ce mata.

Sadatu.

*

Birnin Kebbi,
8 ga Mayu, 1979.

Zuwa ga Malama Sadatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo da jiki, Allah ya ba ta lafiya. Ba fushi na yi ba. Rangadi aka tura mu ƙasar Yawuri da Zuru, jiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a kan tebur. Abin da bakina ya jawo wa Gwaggo ya hana ni cin abinci. Ki roƙa mini gafararta.

Faifan yana nan. An sa mu Argungu ranar Alhamis ta sama, daga nan mu zarce Sakkwato mu miƙa shi. Bayan haka ban san ƙasar da zai faɗa ba.

Duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma bari in gaya miki abin da na gani a rangadin nan. Mun nuna shi a wani ƙauyen masunta a bakin Kwara. Aka yi dariyar raƙumi, aka yi dariyar masu baƙin tukunya. Da aka zo kansa na ɗan ƙara muryar fim. Wani tsoho a gaba ya daka tsawa ya ce, "Kai, ku saurara! Wanga hannu Bakabe ne." Bayan an tashi ya zo yana shafa ƙyallen, yana tambaya ta wane gari aka samo shi.

Na kalle shi ya fi a ƙirga, Sadatu, kuma kullum sai na ga sabon abu. Duk wanda ke cikin fim ɗin nan haƙora yake nunawa, har karen. Shi kaɗai ne ba ya murmushi. Ya zauna daram, ƙafa ɗaya a tanƙwashe kamar yana kan jirgi, idonsa ba ya kan masu rawa. Su suka zaɓa masa fata da ƙasusuwa, wannan babu shakka. Amma na tabbata ce masa suka yi ya buga komai, duk ɗaya ne a kunnensu. Cikin kiɗan duniya kaf, sai ya buga na gida. Ki duba mutum shi kaɗai a tsakiyar fitilu da Turawa, babu mai jin abin da yake faɗi, amma ya faɗa. Ni wannan ya fi benen da 'yan matan ba ni mamaki.

Ga shawarata. In aka zo wurin zan kashe muryar fim gaba ɗaya in cika fili da magana, in faɗi sunansa da na ubansa da na kakansa tun kafin dariya ta tashi. Aikina ke nan, na iya sa wa mutum riga da baki. In kuma kin ce a'a, ba zan fitar da faifan daga gwangwaninsa ba. Amma ki tambayi Gwaggo tukuna, ɗan'uwanta ne.

Naki,
Kalilu.

*

Argungu,
12 ga Mayu, 1979.

Kalilu,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta ce ta yafe, wai tun kana goye bakinka ke riga hankalinka.

Na karanta mata wasiƙarka ta farko da ta biyu, wannan karon tun daga sama har ƙasa, ban tsallake fatar damisa ba. Na gaya mata tsorona. Ka san me ta ce? "Fatar damisa? Ashe ma sutura yas samu! Ni da nis san shi da ɗan bante cikin gulbi. Duk mai dariya shi tuna abin da ubanai ka sawa ranar su."

Shawararka kuwa ta yi watsi da ita. Ga saƙonta, yadda ta faɗa: "Ki hwaɗa ma Kalilu, in anka kai wurin, shi rufe bakin nan nashi. Ba shi niz zo ji ba."

Har yanzu gabana faɗuwa yake. Amma yau ta cinye tuwonta tas, har da neman ƙari. Sai mun gan ku ranar Alhamis.

Sadatu.

*

Sakkwato,
19 ga Mayu, 1979.

Sadatu,

Salamu alaikum. Mun iso lafiya, na miƙa faifan da hannuna, kamar ana cire mini haƙori.

Ni ban ga komai ba ranar nan. Ina cikin mota, injin wuta yana ruri a bayana, haske ya kashe mini ido. Na rufe bakina yadda aka ce, na murɗa muryar fim har ƙarshe. Na ji dariya, na ji ta yanke, sannan na ji wata murya daga wajen mata. Ana gamawa direba ya ce hadari ya taso, sai hanya. Ko sallama ban yi wa Gwaggo ba.

Don Allah ki ba ni labari duka. Yaya take?

Kalilu.

*

Argungu,
24 ga Mayu, 1979.

Zuwa ga ɗan'uwana Kalilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, an yi ruwan shuka, kowa yana gona. Yau babu tsokana, ba ni da bakinta.

Bayan sallar Magariba muka fito, na riƙe mata kujera, ta ƙi sanda. Muka zauna a gaban mata. Da ƙyallen ya yi haske duniyar nan ta fara juyawa, ta damƙe mini hannu tana ta salati. Da 'yan matan suka sauko daga bene ta ce, "Waɗanga duk uwa guda ta haihe su?" Ni kaina da nake koya wa yara taswira, ban san sa'ad da na ce Allahu akbar ba.

Abin da na ji tsoro ya faru. Masu baƙin tukunya suna fitowa fili ya ɗauki dariya, da aka hango mai fatar damisa a baya wani ya yi ihu ya ce ga sarkin daji. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ko gezau.

Sai fuskarsa ta cika ƙyallen. Kalilu, ka faɗa mini, amma faɗa daban gani daban. Fuskar ta fi ƙofar zaure girma, kowace tsaga ana iya ƙirga ta daga ƙarshen fili. Dariyar ta mutu. Da taken masunta ya tashi, tsofaffin da ke zaune a gaba suka fara miƙewa, wannan ya tashi, wancan ya tashi, suna ɗaga hannu kamar ranar su. Wani dattijo ya ce da ƙarfi, "Maliki ne! Wallahi Maliki bahago ne!" Sunan ya bi fili baki-baki har wajen masu sayar da gyaɗa.

Akwai abin da kai ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Daf da masu busan su dawo, ya sauya hannu ya yi wani ɗan gajeren kiɗa, ya maimaita shi. Tsofaffin suka tsaya, ba su gane shi ba. Sai na ji hannun Inna ya saki nawa. Ta miƙe tsaye, ta buɗe murya irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, ta ce, "Na'am, Yaya! Ga ni!"

Muryar da ka ji ke nan.

A hanyar gida ta gaya mini. Lokacin tana ƙarama, in ta daɗe wajen wanki a bakin gulbi, ba a aika kowa kiranta. Shi ke ɗaukar ganga ya kaɗa mata wannan, ita kaɗai, ta amsa ta rugo gida. Shi ya ƙago shi, ko iyayensu ba su kula da shi ba. Ka ji, a gaban Turawan nan da fitilunsu, ƙanwarsa ya kira.

Na ɗauka murna za ta yi, ta zaga gari ta ce ai na gaya muku. Mata sun cika gidan suna yi mata barka, ita kuwa ko guɗa ba ta yi ba. Da suka watse ta ce mini, "Sadatu, ashe yaro ne. Ni ina ta jiran tsoho." Sannan ta yi kuka, kukan da ban taɓa ganin ta yi ba ko ranar da babana ya rasu. Na ce, "Inna, ai kin ci nasara, ruwa bai ci shi ba." Ta ce, "Na sani. Amma wanda ag ga rai ba ya kira sau guda shi yi shiru shekara arba'in. Da shina da sauran numfashi da ya sake kira."

Washegari da safe ta sa na shimfiɗa tabarmi a zaure. Ta aika wa liman, ta aika garuruwan Gulma da Augie wajen dangi. Ta ce a gaya wa kowa Riskuwa tana karɓar gaisuwar Maliki. Kalilu, mutanen da suka zo sun fi na ranar suna yawa. Waɗanda suka yi dariya a fili su ne a gaba, kai a sunkuye. Kowa ya ce Allah ya jiƙansa, ta ce amin. Karon farko ke nan da wannan amin ta fito daga bakinta.

Ta tsayar da Juma'a mai zuwa don sadaka, ta ce lalle ka zo. Wai a ranar an ba ka izinin buɗe baki, kai za ka tsaya ka faɗi sunansa da na ubansa a gaban jama'a, tunda masu fim ba su faɗa ba. Ka taho da wuri, gero ya yi yawa ga masu daka, kuma Inna ta ce da hannunta za ta dama furar.

'Yar'uwarka,
Sadatu.